Tambaya da Amsa: In yi wa karena aski saboda zafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kare jinsin Jaman Shefad, shekararsa 3. Gashinsa na zuba sosai, duk inda ya kwanta sai ya bar tari, ga shi da rana yana ta haki. Na sayi injin aski, ina so in kwashe masa gashin tas ko ya samu sauƙi. Sannan makon jiya na yanke masa farce, jini ya fito, tun daga ranar ba ya yarda in taɓa ƙafarsa. Wane kayan aiki ya dace in nema? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka ajiye injin nan, kada ka ɗora shi a jikin karen. Na daɗe ina riƙe da wannan jinsin, kuma ba ƙaramin tausayi nake ji ba idan na ga an yi wa irinsa ƙwal-kwabo da sunan taimako.

Gashin Jaman Shefad hawa 2 ne. Na sama dogo ne mai ɗan kauri, shi ke tare rana da ruwa da ƙura. Na ƙasa gajere ne mai laushi kamar auduga, shi ne kuma wanda kake gani yana zuba. Idan ka aske duka, fatar ta fito fili kenan, rana ta ƙona ta, ƙwari su samu hanya. Daga baya na ƙasan kan riga na saman tsirowa, sai jikin ya fito faci-faci, wani lokaci ya ɗauki watanni bai koma daidai ba. Hakin da yake yi kuwa, ai ta nan kare ke sanyaya jikinsa, domin ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Inuwa da ruwan sha mai sanyi ne maganin wannan.

Abin da ke ƙara masa zafi shi ne mataccen gashin ƙasa da ya maƙale ya hana iska ratsawa, shi za ka cire. Nemi mataji na musamman mai kama da ƙaramin manjagara, mai dogayen haƙoran ƙarfe marasa tsini. Shi ke kutsawa ƙasa ya jawo mataccen ba tare da ya yanke na sama ba. Ka haɗa da buroshi mai faɗi mai siraran wayoyi, sai mataji na ƙarfe na gamawa. Kafin ka sayi kowanne, goga shi a cikin damtsenka. In ya karce ka, zai karce shi.

Ni ga yadda nake yi. Ina sa shi ya tsaya, in fara daga wuya in bi kwanciyar gashi zuwa wutsiya, da hannu ɗaya ina ɗaga gashin har in ga fata, ɗayan yana tajewa kaɗan-kaɗan. Bayan kunne, hammata, da bayan cinyoyi su ne inda gashi ya fi cukuikuyewa, nan nake daɗewa. Idan mataji na ƙarfe ya wuce sumul bai tsaya ba, wurin ya gamu. Minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a mako ya isa, amma lokacin da zubar ta yi yawa kullum nake yi. Ranar farko za ka yi mamakin tarin da zai fito. Idan ka ci karo da dunƙulen da ya ƙi warwarewa, kada ka soka almakashi kai tsaye, fatar kan shige cikinsa. Zura mataji tsakanin fata da dunƙulen, sannan ka yanke ta samansa. A nan ne kuma hannunka zai ji kaska. Ka kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe.

Masu karatu da ke da kare mai gajeren gashi kwantacce, ba ku buƙatar duk wannan, buroshin roba ya wadatar.

Ka taje shi kafin wanka, domin ruwa na ƙara ɗaure dunƙule. Yi amfani da shamfu na karnuka, na mutane na busar musu da fata. Ka ɗauraye sosai, ka kiyaye ruwa shiga kunne, ka kuma tabbatar gashin ƙasa ya bushe, don damshin da ya kwanta a ciki yana jawo ƙaiƙayi da gyambo.

Batun farce, akwai jijiyar jini mai rai a cikinsa, ita ka taɓa, kuma tana da zafi ƙwarai. A farin farce ana hango ta ja-ja, amma na wannan jinsin galibi baƙi ne. Sai ka nemi abin yankan farcen karnuka mai kama da filaya, babba mai kaifi, ka riƙa cire ɗan bakin kaɗan-kaɗan kana duba wurin. Da ka ga ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya, tsaya nan. Ajiye hodar tsayar da jini kusa da kai, in babu garin sitaci ma yana yi, ka danna a wurin na ɗan lokaci. Kada ka manta da ɗan farcen nan na gefen ƙafa ta ciki wanda ba ya taɓa ƙasa, shi kan lanƙwasa ya shige nama.

Yanzu da ya tsorata, kada ka danne shi. Kwana biyu ka riƙa shafa ƙafar kawai kana yaba masa, sannan ka nuna masa abin yankan ya shinshina, daga nan farce ɗaya a rana. Idan kuma ka ga zubar gashin ta bar wuri fili babu gashi, ko fatar ta yi ja yana yawan susa, wannan ya wuce na mataji, ka kai shi wurin likitan dabbobi.