Mun share bakin ruwa, shara ta sake dawowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune kusa da wani mashigin ruwa da ke zuba cikin teku, mu matasa mukan haɗu mu kwashe leda da robobi a bakinsa amma da an yi ruwan sama sai ka ga kamar ba a taɓa sharewa ba, ga ruwan ya fara wari, masunta ma suna ta kukan kifi ya ragu. Wai wahalar banza muke yi ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ba wahalar banza kuke yi ba, kawai dai kuna tarar sharar ne bayan ta riga ta iso. Masana sun ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na ƙazantar da ke shiga teku daga tudu take fitowa, kwata ce ke kwaso ta.

Warin nan da ka ambata ma ya fi leda tayar min da hankali. Yawanci ruwan masai ne da takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, su ne ke ciyar da gansakuka ta yi ta yaɗuwa, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwan, to kifi ko ya gudu ko ya mutu. Haka ke faruwa duk shekara a Tekun Meziko inda kogin Misisifi na Amurka ke zuba, a 2017 yankin da iskar ta yi ƙaranci ya haura murabba'in kilomita 22,000. Ga kuma baƙin mai da wasu makanikai ke tuttulawa a kwata, lita 1 kacal na iya ɓata ruwa har lita miliyan 1.

Don haka in an ɗauke ruwa ku bi kwatar ku hau sama har ku gano inda abin ke fitowa, ku ɗauki hoto da kwanan wata ku kai wa hukumar kula da muhalli a rubuce, kada ku tsaya a ƙorafin baki. Ku sa raga a bakin manyan kwatoci, ku zauna da makanikai cikin mutunci su riƙa tara man a durom, ai akwai masu saye. Sannan dan Allah ku hana sare itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu ne ke tare laka da datti, a cikinsu kuma ƙananan kifaye ke girma.