Fasto, kada ka fara da babban taro

Fasto, ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ka tambaya yadda za a yi hidimar addu'ar warkarwa da kuka fara a majami'arku ta yaɗu zuwa sauran majami'un da ke kewaye da ku, ka kuma ce kana tunanin gayyato wani babban mai wa'azi a yi taron kwana uku a fili. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, na kuma daɗe cikin masu ziyartar marasa lafiya a ikkilisiyarmu. Da irin wannan taron muka fara, shi ya sa na kasa yin shiru.

Taronmu ya cika, ba masaka tsinke. A dare na biyu aka fito da wani dattijo mai ciwon suga, wanda na sani tun ina bakin aiki. Baƙon ya ɗora masa hannu, ya ce masa an gama, saura ya nuna bangaskiyarsa. Bawan Allah ya koma gida ya zubar da allurarsa. Bayan kwana tara aka buga mini ƙofa da tsakar dare. Na same shi yana jan numfashi da ƙarfi, harshe ya bushe ƙamas, bai san wanda ke kansa ba. Da kyar muka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. A lokacin baƙo ya daɗe da kama gabansa. Faston dattijon aka bari da zaryar asibiti da tambayoyin 'ya'yansa. Ga shi kuma wasu 'yan majami'un maƙwabta sun sauya sheƙa zuwa tamu, tunda mu ne masu masauki. Sai da aka yi kusan shekara biyu in ka ambaci warkarwa a taron fastoci kowa zai sunkuyar da kai.

Abin da ya dawo da mu hanya shi ne zama da muka yi a kan Yaƙub 5:14-16, muka karanta shi kalma-kalma kamar ba mu taɓa gani ba. Duba tsarin da ke ciki. Mara lafiyan ne ke kira. Waɗanda yake kira kuwa dattawan ikkilisiya ne, mutanen da suka san gidansa. Su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Sai aya ta 16 ta kawo zancen furta wa juna zunubai da yi wa juna addu'a. Wato kowace majami'a a yankinku tana da wannan hidima a hannunta tun tuni, ko da ta ajiye ta a lungu ƙura ta rufe. In ka je musu a matsayin mai kawo abin da ba su da shi, za su rufe ƙofa. In ka je kana tuna musu da kayansu, za su ba ka kujera.

Ka bi fastocin ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka, don zuwa da kai ya fi aike. Kada ka tara su ka yi musu jawabi tukuna. Damuwa biyu ke zuciyar kowannensu ko bai faɗa ba. Ta fari tumakinsa: yana tsoron a yi wa nasa addu'a a wurinka, mako mai zuwa ya ga kujerarsa babu kowa. Mu mun kashe wannan da alkawari guda, cewa ba a yi wa ɗan wata majami'a hidima ba da sanin fastonsa ba, kuma duk wanda aka ziyarta ana mayar da shi hannun dattawansa. Ta biyu koyarwa. Akwai masu shafa mai, akwai masu ganin ɗora hannu ya wadatar. Akwai masu addu'a da murya sama, akwai masu yi a natse. Wasu sun gaskata baye-bayen da ke 1 Korantiyawa 12 suna aiki har yau, wasu sun ce sun ƙare da zamanin manzanni, amma ban taɓa ganin wanda ya ce kada a yi wa mara lafiya addu'a ba. A wurin 'yan'uwanmu Katolika shafe mara lafiya sakramenti ne, fada ne kaɗai ke yin sa. Kada ka ce sai ka daidaita waɗannan, za ka tsufa ba ka fara ba. Kowa ya yi yadda ikkilisiyarsa ta koya masa.

Abin da muka haɗu a kai bai cika shafi ɗaya ba, kuma duk wanda zai shiga hidimar sai ya sa hannu. Na farko a ciki, saboda dattijon nan, babu mai ce wa kowa ya bar magani. A nan zan ɗan tsaya, domin aikina ne. Hawan jini yakan zauna a jikin mutum bai ji komai ba, saboda haka "na ji sauƙi" ba shaida ba ce. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, mutum yakan ji garau tun a makonnin farko, in ya yanke ciwon ya dawo, wani lokaci ma ya dawo ba ya jin maganin. Mai farfaɗiya in ya tsayar da ƙwayarsa farat ɗaya yana iya faɗuwa fiye da da. Haka mai shan maganin ƙanjamau da mai taɓin hankali. Wanda yake ganin ya warke, mu yi murna tare da shi, mu raka shi a gwada. Yesu kansa ya tura kutare su je firist ya duba su, a Markus 1:44 da Luka 17:14, domin bisa Littafin Firistoci sura 13 da 14 firist ne ke duba fata ya yanke hukunci. Bulus kuma a Kolosiyawa 4:14 ya kira Luka ƙaunataccen likita, bai ce tsohon likitan da ya tuba ba.

Sauran kuwa kowa ya san su, riƙewa ce wuya. Ba a karɓar ko sisi, ba a sayar da mai, wanda ya manta ya koma ya karanta labarin Gehazi a 2 Sarakuna 5. Mutum biyu ke tafiya, kuma in mace za a gani dole da mace a cikinsu. Ba a taɓa mutum sai an nemi izininsa. Abin da aka ji a ɗakin mara lafiya a ɗakin yake kwana. Wannan na ƙarshen ya fi ba mu wahala, domin an iya gulma da sunan "roƙon addu'a". Mun taɓa sallamar mutum biyu a kan haka, masu ƙwazo kuwa.

Ka sani kuma haɗa fasto da likita a tebur ɗaya ba ku ne farau ba. Tun 1904 aka kafa ƙungiyar Guild of Health a Ingila da wannan manufa. A 1964 an yi zama a Tubingen ta Jamus a kan aikin warkarwa na ikkilisiya, daga nan Majalisar Majami'u ta Duniya ta kafa hukumarta ta kiwon lafiya a 1968. Ina faɗa maka ne don in wani dattijo ya ce bidi'a ka kawo, ka sami abin ce masa.

Inda ake gane hidima ta gaske shi ne wurin wanda bai warke ba, kuma suna da yawa. Akwai wata baiwar Allah da ɓarin jikinta ya shanye, shekara huɗu tana kwance. Masu addu'a sun yi ta zuwa, wani ya ce ƙarancin bangaskiya ne, wani ya ce akwai zunubin da ta ɓoye, har ta kai in ta ji sallamar 'yan coci sai ta juya fuska bango. Ranar da muka je, abokiyar tafiyata ta zauna a bakin gado ta yi mata tambayar da Yesu ya yi wa Bartimawas a Markus 10:51. Ta ce, "Mama, me kike so mu roƙa miki?" Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, da bakin nan nata da ya karkace, "Ku bar ƙafar nan. Ɗana nake so ya zo." Ashe sun yi shekaru ba sa magana. A kan wannan muka yi addu'a. Dattijon majami'arsu ya ɗiga mai a babban yatsa ya shafa mata a goshi, daga baya ya je ya nemo yaron da kansa. Ba ta sake takawa ba har ta koma ga Ubangiji, amma ɗan ne ke juya ta a gado a watanninta na ƙarshe.

Ka koya wa mutanenka waɗannan ayoyin tun ranar farko, kafin na mu'ujizai ma. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, 2 Korantiyawa 12. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, 2 Timoti 4:20. Timoti na fama da ciwon ciki. A Yahaya 9 kuma Yesu ya ƙi yarda a ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa. Na ga waɗanda Allah ya tayar bayan mu ma'aikatan asibiti mun fid da rai, ba na musun wannan ko kaɗan. Sai dai ban yarda a miƙa wa kowa makirufo ranar da aka yi masa addu'a ba. Mu wata uku muke jira, da amincewar mai shaidar da ta fastonsa. Ubangiji ma ya janye kurman nan daga cikin taro, ya kuma ja makahon Betsaida bayan gari kafin ya taɓa shi.

In da ni ce kai, zan nemi majami'u uku kawai da fastocinsu suka amince, kowace ta ba da mutum huɗu masu riƙe baki, maza da mata, a sami ma'aikacin lafiya ɗaya ya zauna da su a horon. Sujadar haɗin gwiwa sau ɗaya a wata uku ta isa, ana zagayawa, mai masauki ne ke jagora da salonsa. In kuna son ranar farawa, 18 ga Oktoba ranar tunawa da Luka ce, ga kuma 11 ga Fabrairu da Paparoma John Paul na biyu ya ware wa marasa lafiya a 1992, wadda za ta sauƙaƙa maka shiga wurin Katolika. Ka kuma sayi littafin rubutu, kowace ƙungiya ta riƙa sa ranar da ta je da ranar da za ta koma, ba tare da rubuta ciwon kowa ba. Ziyara ta farko kowa na so, ta biyar ce ake neman mai zuwa a rasa, kuma littafin ne zai nuna maka gidan da aka manta.