Amsar Yaya ga Auta kan wasan salsalar dangi

Salamu alaikum. Auta, na saurari saƙonki. Kin ce wane wasa za a shirya a taron dangi don yara su san asalinsu. To ni abin da na fahimta, damuwarki ita ce yadda za a yi mutane su zauna su saurara, don kin ga abin da ya same ni wancan karon. Sati uku ina zana sunaye a kan kwali, na tashi ina bayani kamar malamin makaranta, kafin in kai kan kakan Baba rabin mutane sun koma kan wayoyinsu. Saboda haka kada ki sa kowa ya tsaya yana jawabi. Raba su za ki yi.

Rukuni huɗu, saboda kakanni huɗu gare mu. Kowane rukuni a sa masa tsoho ɗaya, da yara, da mai rubutu ɗaya wanda hannunsa ke karantuwa. Sai ki ba su lambobi. Tsarin tsoho ne, wani ɗan Ostiriya mai suna Michael Eytzinger ya buga shi tun 1590, masu binciken nasaba har yau da shi suke aiki. Ke ce 1, Baba 2, Mama 3. Lambar uban kowa ninkin tasa ce, ta uwa kuma ninkin da ƙarin ɗaya. Kakanni su ne 4 zuwa 7, iyayensu 8 zuwa 15, na sama da su 16 zuwa 31. Rukunin da aka ba 4 zai nemo 8 da 9, sannan 16 zuwa 19. Sunaye shida ke nan, minti ashirin ya ishe su. Yaran ma za su ji daɗin lissafin, kina cewa 23 za su ce miki mace ce, uwar 11.

Maki kuma, suna ɗaya maki ɗaya. A'a, tsaya, na yi kuskure. In kika yi haka za su yi ta ƙirƙiro sunaye don su ci. Suna sai da shaida: wa ya faɗa, shi kuma a wurin wa ya ji. Hoto ko tsohuwar takarda maki uku. In tsofaffi biyu suka saɓa a kan suna, kada a ce sai an raba gardamar a nan, a rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Sau da yawa mutum biyu ne masu suna ɗaya aka haɗe su suka zama ɗaya, ko an tsallake wani a tsakiya. Kuma in mutum ɗaya ya fito a lamba biyu kada ku goge, auren dangi ne ya kawo haka. Ai in kika hau hawa goma gurbi 1,024 ne, dole wasu su maimaitu.

Maganar rubutu kuwa, wallahi a nan raina yake ɓaci. Shekara shida da suka wuce na zauna da Kaka, Allah ya jiƙanta, kwana biyu, na cika littafi guda. Sunayen matan nan na sama, su 19, su 21, waɗanda babu mai tuna su, duk ta ba ni. Wani ya ce in ara masa ya kwafa, kwana biyu zai dawo da shi. Ba zan kama suna ba, yana cikin zauren nan, yana ji na. Yau an ce an yi ƙaura, gobe an ce yana cikin akwati, akwatin kuma makullinsa ya ɓata. Makulli! Ita kuma ta rasu. Wa zan tambaya yanzu? Gwaggo kuwa sunaye biyu kawai ta tuna, ɗayan ma laƙabi ne.

Na ce me? Yauwa. Don haka kowane rukuni ya ɗauki muryar tsohonsa a waya, a ɗauki hoton takardun nan take a turo nan kafin kowa ya tashi. Daga baya ni zan shigar da su Gramps, manhaja ce ta kyauta a kwamfuta. Akwai kuma wasan hotunan jarirai, a canki wane ne... bar wannan dai, hotunan ma ba su kai goma ba.

Ki saka Kawu a rukunin 6, kada ki haɗa shi da Gwaggo, za su cinye lokacin da musu. Mai littafina kuma, ko bangonsa ya cire ya zo da shi ranar, ba zan ce masa komai ba.