Inshorar ɗakin haya a Faransa: amsa ga ɗalibin da ke shirin tahowa

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce ka samu gurbin karatu a Liyon, kuma mai gida ya ce sai ka kawo shaidar inshora kafin ya ba ka makulli, shi ne kake tambaya ko dabarar tatsar baƙo ce. A'a, doka ce. Dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 ta wajabta wa ɗan haya ya yi wa gidan da yake zaune inshora, ya nuna takardar shaida ranar karɓar makulli, sannan duk shekara idan mai gida ya nema. Ɗakin da mai gida ya zuba wa kaya ma haka ne, har ɗakunan ɗalibai na CROUS, hukumar gwamnati mai kula da masaukin ɗalibai. Wanda ya ƙi, mai gida na iya soke hayar bayan wa'adin wata guda idan akwai wannan sharaɗi a yarjejeniya, ko ya yi inshorar da kansa ya ɗora maka kuɗin kan haya, da ƙarin da zai iya kai kashi 10 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaranmu ke sayen mafi araha don kawai a ba su makulli. Abin da doka ta tilasta, wanda za ka ga an rubuta risques locatifs, abu uku ya ƙunsa: gobara, fashewa irin ta gas, da ɓarnar ruwa. Kuma ginin mai gida kaɗai yake karewa. Ba ruwansa da kwamfutarka, ba ruwansa da maƙwabcinka.

Ka lura da maganar ruwa, domin ita ce ta fi yawa. Gidajen nan benaye ne, wani bisa wani. Bututun injin wanki ya kwance kana makaranta, ko ka bar famfo a buɗe, ruwa ya bi daɓe ya sauka a silin na ƙasa, ya jiƙa masa fenti da gado da talabijin. Wannan asarar a wuyanka take. Don haka ka nemi cikakkiyar inshorar gida, wadda suke kira multirisque habitation, ka tabbatar akwai kariya daga ƙarar maƙwabta, akwai biyan ɓarnar da ka yi wa wani ba da gangan ba ko a wajen gida, akwai kuma kayanka. Bambancin kuɗin a ƙaramin ɗaki bai taka kara ya karya ba. Shaidar biyan ɓarna ga wani kuwa, za a sake nemanta lokacin da za ka tafi koyon aiki a kamfani.

In ka samu farashi daga wuri biyu ko uku, kada idonka ya tsaya kan kuɗin wata. Duba franchise, wato abin da za ka biya daga aljihunka a kowace ɓarna kafin kamfani ya sa hannu. Idan yuro 150 ne, aka fasa gilashin yuro 120, ba za ka ga ko sisi ba. Duba iyakar kuɗin kaya: zauna ka lissafa kwamfuta, waya, rigunan sanyi, littattafai, ka faɗi jimillar gaskiya. Sai ka tambaya ko da farashin sabo za a biya, ko za a cire tsufan kaya. Kwamfutar shekara huɗu in aka cire tsufa, abin da zai rage ba zai sayi wata ba.

Sata tana da nata sharuɗɗa, kuma wasu ƙananan tsare-tsaren ɗalibai ba su haɗa da ita ba sam. Galibi sai an ga alamar ɓalle ƙofa ko taga. Ka ja ƙofa ba ka murza makulli ba, ko ka bar taga a buɗe, za su iya rage kuɗin ko su ƙi biya. Tsabar kuɗi yawanci ba a biya, zinari da agogo masu tsada suna da iyaka daban. Ga wani sharaɗi da ya shafe mu ƙwarai: yarjejeniyoyi da yawa suna dakatar da kariyar sata idan ɗaki ya zauna ba kowa fiye da wasu kwanaki a shekara, sau da yawa 60 ko 90. Mai niyyar tafiya Damagaram ko Maraɗi dogon hutu ya karanta wannan layin kafin ya sayi tikiti.

Wajen cike fom, faɗi gaskiyar yawan ɗakuna da faɗinsu. Kicin da banɗaki ba sa shiga lissafi. In ka rage don kuɗi ya sauka, ranar ɓarna za a rage diyya daidai da abin da ka rage, in kuma aka tabbatar da gangan ne, a soke yarjejeniyar baki ɗaya. In ku biyu ko uku ne a gida, sunan kowa ya fito a takarda. Kuma Visale ba inshorarka ba ce, lamuni ne ga mai gida idan ka kasa biyan haya.

Idan abu ya faru, rufe ruwa ko wuta tukuna, ka ɗauki hotuna, kada ka zubar da kayan da suka lalace. Kana da kwanakin aiki 5 ka sanar da kamfani, na sata kuwa 2 ne, tare da takardar ƙorafi daga 'yan sanda. Ɓarnar ruwa tana da fom na musamman da kai da maƙwabcin za ku cike tare ku sa hannu. Rasitan kaya kuwa tun yau ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, har na abin da ka saya kafin ka taho, domin rasitin da ke cikin akwati tare da ɗakin zai ƙone.

Ka sa ranar fara inshora ta zama ranar karɓar makulli, ko da ba ranar za ka kwana ba. Ka kula kuɗi ya riƙa fita daga asusunka: in biya ya tsaya, za a aiko wasiƙar gargaɗi, bayan kwana 30 a dakatar da kariya, alhali bashin yana nan. Bayan shekara guda kana iya sauya kamfani duk lokacin da ka so, sabon kamfanin ne zai yi maka takardun fita don kada a samu giɓi. In ka tashi daga gidan, kana da wata 3 ka nemi a soke yarjejeniyar, ka haɗa da takardar duba ɗaki ta ranar fita a matsayin shaida.