Kwikwiyon kiwo ya ciji 'yata, an yi mata allurar tetanus: shin ta tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da 'yan tumaki a bayan gari, sai wani abokina Bafulatani ya ba ni ɗan kwikwiyo daga rugarsu, wanda bai wuce wata biyu ba, domin ya tashi tare da su ya riƙa gadinsu. Kwana huɗu da suka wuce 'yata mai shekara 7 ta rungume shi, yayanta yana ɗaukar su hoto da waya, sai ya cije ta a ɗan yatsa har jini ya ɗan tsatso. Na kai ta kemis, aka yi mata allurar tetanus, aka ba ta kafso, aka ce shi ke nan. Ciwon ya fara bushewa, amma tun jiya kwikwiyon ya rage cin abinci, hankalina ya tashi. Yayana ya ce a kashe shi, wata maƙwabciya kuma ta ce a ƙona gashinsa a shafa mata. Shin yarinyar ta tsira? In kashe shi ne, ko zai iya zama karen kiwon da na yi niyya? Daga wani mai karatu a Malumfashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba yarinya lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ba a yi mata abin da ke kare ta daga ciwon haukan kare ba, amma lokaci bai ƙure ba matuƙar ba ka ƙara kwana a kai ba. Yau ɗin nan ka kai ta babban asibiti, ka faɗa da bakinka cewa allurar riga-kafin ciwon haukan kare kake nema, domin idan ka ce allurar cizon kare kawai, mai yiwuwa a sake maimaita maka abin da aka yi a kemis. Kafin ku fita, a wanke yatsan da sabulu ana kwarara masa ruwa daga famfo ko buta na tsawon minti 15, sannan a shafa aidin. Wankin ya fi amfani a lokacin da aka yi cizon, amma ko yanzu ba a barin sa.

A rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, duk cizon da ya huda fata yana mataki na uku ne, wato mafi haɗari, komai ƙanƙantar ramin haƙorin. Yatsa kuwa yana cikin wuraren da muka fi jin tsoro, tare da fuska da wuya, saboda yawan jijiyoyin da ke cikinsa. Don haka abu biyu take buƙata. Na farko shi ne allurar riga-kafin, wadda ake yi ko dai a cikin fata a wuri biyu a ranar farko, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, ko kuma a cikin tsokar damtse a waɗannan ranaku ukun, a ƙara ta huɗu tsakanin kwana 14 da 28 bayan ta farko. Wasu asibitocin suna bin tsohon tsari mai allura biyar, shi ma yana aiki. Ba a yin ta a mazaunai, domin kitsen wurin yana rage ƙarfinta, kuma idan ka ga an nufi can da allurar kana da damar yin magana. Na biyu shi ne imunogulobulin, wato garkuwar jiki da aka riga aka haɗa, wadda ake tsira wa a cikin ciwon da gefensa domin ta tare ƙwayar cutar kafin jikin yarinyar ya haɗa tasa garkuwar. Wannan tana da tsada kuma tana wuyar samu. Idan babu ita yau, a fara riga-kafin, ka ci gaba da nemanta, domin ana iya yin ta har zuwa kwana 7 bayan allurar farko. Ka kuma tabbata daga firji aka ɗauko kwalbar, domin allura ce da ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda ta sha zafi a kan teburin shago ba abin dogara ba ce.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar kemis, domin ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya kusan kullum. Allurar tetanus tana da amfaninta, kuma daidai ne a yi wa wanda kare ya ciza, amma cutar da take karewa daban ce, ƙwayar da ke kawo ta daban ce, kuma ba ta taɓa ƙwayar haukan kare ko kaɗan. Kafson da aka ba ta yana hana ciwo ruɓewa ne, iyakar aikinsa ke nan. Abin takaici shi ne, mutum zai je da yaro hankali a tashe, a soka masa allura, a karɓi kuɗi, a ce shi ke nan, ya koma gida da kwanciyar hankalin da ta fi rashin zuwan haɗari. Wanda bai je ko'ina ba yana nan da fargabarsa, wata rana wani zai ce masa ya tafi asibiti, ya tafi. Wanda aka ce wa an gama kuwa ya rufe maganar, ko ka tuna masa zai ce ai an yi allura. Da mai kemis ɗin zai ce, wannan ya fi ƙarfina, ku wuce asibiti, da ya yi aikin lada kuma bai rasa komai ba face kuɗin allura ɗaya. Amma sau da yawa shi kansa bai san bambancin ba, wani kuma ya sani, yana ganin faɗin hakan zubar da girma ne a gaban mai saye.

Abin da ke taimaka wa wannan kuskure shi ne yadda cutar take tafiya. Ƙwayarta ba ta bin jini. Tana shiga jijiya ne daga wurin cizon, ta riƙa hawa a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kamar wutar ƙaiƙayi da ke ci ta ƙarƙashi sama tana lafiya lau. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alama ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A duk tsawon wannan lokaci ciwon ya warke, tabon ma ya ɓace, yaro yana zuwa makaranta yana wasa, babu zazzaɓi, kuma babu wani gwajin jini da za a yi masa a ce ya kamu ko bai kamu ba. Bushewar ciwon da ka gani, Malam, ba ta ba mu labarin komai ba sai cewa fata ta haɗe. Ranar da wurin tsohon cizon ya fara ƙaiƙayi ko zugi, yaro ya fara firgita, ya ga ruwa yana so ya sha maƙogwaronsa ya shaƙe, to a ranar an wuce inda allura take aiki, kuma kusan duk wanda ya kai nan mutuwa yake yi. Saboda nisan da ke tsakanin cizon da rashin lafiyar, iyaye ba sa haɗa su. Sai a ce iska ce, a ce sammu ne, a yi ta yawo da yaro daga mai ruƙiyya zuwa mai magani, ya rasu a hanya, a binne shi ba tare da an rubuta sunan cutar a ko'ina ba. Mai kemis ɗin ba zai taɓa jin labari ba, gobe zai yi wa wani yaron irin allurar, zuciyarsa wasai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 da dabbar da ake zargi take ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ita kanta hukumar tana cewa akasarin mace-macen ba sa shiga lissafin asibitoci.

Maganar ƙona gashi ba ta buƙatar dogon bayani. Toka a kan ciwo datti ce, kuma wanda zai je tsige gashin karen da ake zargi yana neman cizo na biyu ne. Haka nan kada ƙanƙantar kwikwiyon ta ruɗe ka. Kwikwiyo yana kamuwa kamar babban kare, kuma shi ne wanda yara suke ɗauka su kai kusa da fuska, shi ne kuma ba a taɓa yi wa riga-kafi ba.

Game da shawarar yayanka, kada a kashe shi. Kwikwiyon nan da ransa shi ne babbar shaidar da muke da ita. Karen da ƙwayar cutar ta riga ta sauko cikin miyansa a ranar da ya yi cizo ba ya cika kwana 10 ba tare da ya nuna ciwo ƙarara ko ya mutu ba. Ka killace shi a keji ko ɗakin da ba zai fita ba, nesa da yara da tumaki, babban mutum ɗaya ya riƙa tura masa abinci da ruwa ba tare da ya taɓa shi ba, har kwana 10 su cika daga ranar cizon. A nan wayar da ta jawo wannan magana za ta yi amfani. Kowace safiya da yamma a ɗauki hotonsa da ɗan gajeren bidiyo daga bayan keji, ba tare da hasken kyamara ba, a nuna fuskarsa, da yadda yake tafiya, da yadda yake lasar ruwa, a tura wa likitan dabbobi na ofishin da ke kusa da ku. Mai gida da ke ganin kare kullum ba ya lura da ƙaramin canji, amma idan aka jera hoton Litinin da na Alhamis, saukar muƙamuƙi ko jan ƙafar baya yakan fito fili.

Rage cin abinci shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin kwikwiyon da aka raba da uwarsa yana iya yin haka saboda tsutsar ciki, ko canjin wuri, ko cutar fabo mai zuwa da amai da gudawar jini. Abin da za a sa wa ido shi ne canjin hali, da cizon itace ko ƙarfen keji, da shaƙewar muryar haushi, da dalalar miyau, da shanyewar ƙafafu. Ka sani kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake hauka ba. Akwai nau'in da kare yake yin laƙwas, bakinsa ya saki ya kasa rufuwa, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya ya zura hannu zai ciro. Makiyaya ma suna yin haka da saniyar da ta kamu, suna zaton wani abu ta haɗiya. Kada kowa ya sa hannu a bakin kwikwiyon nan da kowane irin dalili.

Idan ya mutu, ko likitan dabbobi ya ga dole a kashe shi, kada a buge shi a ka, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Kada ku yanke kan da kanku, kuma kada ku jefar da gawar a bola. Ma'aikatan dabbobi ne za su cire shi su aika cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi muku nisa ba idan kuna neman wanda zai karɓi maganar. Kada kuma a sayar da shi ga masu tara karnuka suna kai su kasuwa don a rabu da ƙaya, domin tura cutar wani gari ne.

Idan ya cika kwana 10 garau, likitan yarinyar yana iya dakatar da sauran allurar, amma wannan hukuncinsa ne, ba naka ba. Akwai kuma abin da mutane suke kuskuren fahimta a nan. Lafiyar kwana goman tana wanke wancan cizon ne kawai, ba ta tabbatar da cewa kwikwiyon ba ya ɗauke da cutar a ɓoye daga wani cizo da aka yi masa a ruga. Saboda haka ka tambayi abokinka halin da uwar take ciki da sauran 'yan'uwansa, ko wani kare ya mutu ko ya ɓace a rugar a 'yan watannin nan, ko dila ko baƙon kare ya shigo ya yi faɗa da nasu. Ka kuma tambayi yaran gidanka ɗaya bayan ɗaya, cikin lallashi, ko akwai wanda kwikwiyon ya yakusa ko ya lasa a kan ƙurji, domin yaro yana ɓoye irin wannan don tsoron duka.

Idan duk wannan ya wuce lafiya, babu abin da zai hana shi zama karen kiwo. A yi masa riga-kafin haukan kare da zarar ya kai wata 3, bayan kwanakin killacewar sun cika, a riƙa maimaitawa duk shekara, a hannun ma'aikacin da zai ba ka kati mai kwanan wata da lambar kwalba. Masu yawo a babur da allura a aljihu suna cewa ta karnuka ce, mai yiwuwa maganin kaska da tsutsa ne kawai suke yi, wanda shi ma ba ya kare komai daga wannan cuta. Karnukanmu na gida gadi suka iya, suna haushi su kori dila da ɓarawo, kada ka sa ran zai riƙa kora maka garke kamar karnukan Birtaniya da ake gani a bidiyo. Gadin ma ba zai yi shi ba sai ya tashi yana kwana kusa da tumakin, yana shaƙuwa da su fiye da yadda yake shaƙuwa da yaran gida, don haka a rage ɗaukarsa. Idan yara suna son hoto da shi, su tsuguna a gefensa ba tare da runguma ko kai fuska ba, kuma ban da lokacin da yake ci ko barci. Kada kuma a ba shi ɗanyen kai ko kayan cikin tunkiyar da ta mutu. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita a kashinsa ya zuba a kan ciyawa, tunkiya ta ci, ƙullutu mai ruwa ya fito mata a ƙwaƙwalwa ta riƙa juyawa wuri ɗaya, wani nau'in kuma yana kama hanta da huhun mutum. A dafa duk abin da za a ba shi daga jikin dabba, kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa mai sinadarin farazikwantel a kai a kai bisa ma'aunin da likitan dabbobi zai rubuta maka gwargwadon nauyinsa.