Tsutsar ciki da cutar MS: amsar mai kyamis ga yaronsa

Ɗana, ka ce ka gani a waya wai tsutsar ciki tana kare mutum daga cutar da likitoci ke kira MS, shi ne kake tambaya ko cutar da jama'a muke yi da albendazole, maganin tsutsar da muke sayarwa. Jawo benci ka zauna.

Maganar tana da tushe. A cutar MS, garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki. Sai gani ya dusashe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya riƙa dindiris, abin ya lafa ya sake tasowa. Ta fi yawa a Turai da Kanada, inda tsutsar ciki ta yi ƙaranci. Ita kuwa tsutsa, don ta shekara a hanji ba a kore ta ba, sai ta riƙa fitar da sinadaran da ke sanyaya garkuwar jiki.

A 2007 wasu likitoci biyu a Ajantina, Correale da Farez, suka ba da rahoton masu MS 12 da ke ɗauke da tsutsa da wasu 12 da ba su da ita. Cikin fiye da shekara 4, ciwon ya tasar wa masu tsutsa sau 3, waɗancan kuwa sau 56. Dole hankali ya koma wurin. Amma da aka gwada da gangan a Nottingham ta Ingila, aka ɗauki mutum 71, aka sa wa kusan rabinsu 'ya'yan tsutsa mai shan jini 25 ta fata, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna bambancin da za a kafa hujja da shi a hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba. Kuma ƙarancin cutar a wajenmu, hasken rana da gado suna iya zama da hannu a ciki, ga shi ba kowa ke kaiwa ga injin MRI ba balle a gano ta.

To dawo Daura. Yaron da uwarsa ta kawo, ciki ya yi tulu, ka ja fatar idonsa ƙasa ka ga fari fat babu jini, wannan shi ke gabanmu. Tsutsar da ta shiga ta tafin ƙafarsa tana zuƙe shi kullum, ga rama, ga rashin gane karatu. Wallahi ba zan bar shi haka ba saboda binciken da bai nuna ba tukuna.

Albendazole 400 ƙwaya ɗaya ga wanda ya wuce shekara 2; mai ƙaramin ciki, wata ukun farko, kada ka ba ta. Wanda ke wanka a kududdufi yana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce, a gwada fitsarin, maganinta praziquantel gwargwadon nauyinsa. In kuwa matashiya ta zo da ido ɗaya ya dusashe yana ciwo, ko ƙafa tana mutuwa tana dawowa, kada ka haɗa mata komai, tana iya zama MS. Tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.