Wai kuɗin 'yan yawon buɗe ido na kaiwa ga talakan ƙauyen Maya kuwa?

Tambaya: Malam, na ji wai a ƙauyukan ƙabilar Maya, 'yan asalin Amurka ta Tsakiya, mutanen gari ne da kansu ke karɓar 'yan yawon buɗe ido. Anya talaka na samun wani abu, ko dai masu otal ne ke kwashewa?

Amsa: Yana samu, amma fa sai in tsarin na hannun mutanen gari. Bari in ba ka misalin gundumar Toledo a kudancin ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, yankin Maya masu yaren Kekchi da Mopan. Wajen 1990 suka kafa ƙungiyar yawon buɗe ido mai suna Toledo Ecotourism Association, ƙauyuka irin su Laguna da San Antonio da San Miguel kowa ya gina masaukin baƙi nasa, ɗaki ne na katako da jinkar ganye, gado da gidan sauro, shikenan ba wani ƙyale-ƙyale.

Abin da ya fi burge ni shi ne karɓa-karɓa, kamar dai adashe. Baƙo ba ya cin abinci a gida ɗaya, karin kumallo nan, na rana can, na dare wani gidan daban, haka ma masu yi masa jagora cikin daji bi da bi ake yi, ka ga kenan ba wanda zai ce an fifita gidan wane, don wallahi hassada ce ke fara kashe irin wannan harka tun kafin rashin kuɗi. Za ka zauna kusa da murhu uwargida na faɗaɗa ƙullun masara da tafin hannu tana gasawa a faranti, a miƙo maka koko da aka niƙa a gidan. In Musulmi ne kai ka tambayi naman tukuna, suna kiwon alade.

Matsalar ita ce baƙin ba su da yawa, galibi bakin teku suke nufa, Toledo kuma ta yi nisa, shi ya sa ba wanda ya bar gonarsa ta masara, ƙari ne kawai.

Sannan ga maganar ƙasa. Ba yadda za ka tallata dajin da gobe za a iya ba masu yankan katako. Sai a 2015 Kotun Karibiyan, wadda ita ce kotun ƙoli ga Beliz, ta tabbatar wa Mayan Toledo haƙƙinsu kan filayen gado, bayan shekaru ana shari'a. Don haka in za ka je, tambayi wa ke riƙe da littafin kuɗi, kwamitin ƙauye ko wani ejan a birni.